Shasin Hilux ɗina ya tsage, ina son in gyara shi a gida in ƙara mai tsawo

Bello Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nike nema wurin masu sani. Watan jiya na sayi tsohuwar Hilux ƙirar 1994, mai gida ɗaya, mai jan ƙafa huɗu, injin dizal 2.8. Inji lafiya lau, giya lafiya lau. Da munka ɗaga bodin baya don mu wanke ta sai ga tsaga jikin shasi gefen direba, daidai bayan kan mota, kusa da inda kunnen sifirin na baya ya kama. Ta faro daga leɓen sama ta gangaro kamar tsawon yatsa. An taɓa liƙa mata wani guntun ƙarfe, shi ma ya ɓamɓare gefe guda.

Abin da nike so ukku ne. In gyara tsagar. Tun da dai walda za a yi, in yanke shasin in ƙara mai ƙafa ɗaya da rabi, bodi ya ƙara cin buhunan albasa, don gonata tana fadama can wajen Wurno. Sannan in ɗaga ta sama saboda rairayi. Ina da ɗan injin walda inbata mai amfiya 200, da garanda, da janareta. Na iya walda, na yi ƙofofi da tagogin gidana da hannuna. Mi kunka gani?

Ɗan Illela: Malam Bello aikin rabin yini ne wannan. Ka nemo ganyen tsohon sifirin na babbar mota wurin 'yan gwangwan, ka ɗora bisa tsagar, ka zagaye shi da walda. Ƙarfen sifirin ba ya karyewa. In ka gama ka sheƙa mai ruwa ya ƙara tauri. Haka anka yi wa tawa.

Baba Sani Mai Walda: Wa alaikumus salam. Ɗan Illela, taka ɗin da anka yi wa haka, sau nawa ta komo wurin mai walda? Ka hwaɗa muna gaskiya.

Ɗan Illela: Sau biyu dai Baba. Amma ba wurin ya sake tsagewa ba, gefensa ne.

Baba Sani Mai Walda: To ka ba kanka amsa. Bello ɗana, saurara. Waldar ƙofa daban, waldar shasi daban. Ƙofa in ka kafa ta tana nan tsaye har Mahadi ya bayyana. Shasi kuwa kullum cikin murɗawa shike. In ƙafar gaba ta hau tudu ta baya ta faɗa rami, ƙarfen ga sai ya lanƙwashe kaɗan ya komo, sau dubu a rana. Haka anka yi shi. In ka liƙa mai abin da ya fi shi kauri da tauri, wurin ya daina motsi, duk wahalar sai ta taru bakin facin. Nan za shi sake tsagewa. Shekarata 38 ga wanga aiki, na ga haka ba adadi.

Ganyen sifirin kuwa kada ka ko fara. Da zafin walda ya taɓa shi, gefen waldar ya zama kamar tangaran. Ka sheƙa mai ruwa kuma, ka gama kashe shi.

Injiniya Murtala: Abin da Baba ya faɗa haka yake ko a takarda. Ƙarfen sifirin yana da sinadarin kabon da yawa, shi ya sa in ya yi zafi ya huce da sauri yake yin tauri mai saurin karyewa. Shasin irin wannan motar kuwa ƙarfe ne mai laushi, wanda ke karɓar walda ba gardama. Faci ya zama irinsa, kaurinsa kuma daidai da na shasin ko ya ɗara kaɗan. Malam Bello ka auna kaurin ka gaya mana.

Wani abu: manyan motoci na zamani, irin kan tirela, shasinsu gasasshe ne, har za ka ga an manna gargaɗi a jiki cewa kada a yi walda ko a huda leɓensa. Kada wani ya ɗauki shawarar da za a ba Malam Bello ya je ya taɓa irin wannan.

Bello Mabera: Na auna, mili 3 da ɗan abu. Ni da nike shirin sayen falanti mai mili 10 don ya yi ƙarko.

Baba Sani Mai Walda: Mili 10 tankin ruwa za ka yi? Mili 4 ya ishe ka.

Ga yadda nike yi. Ka fara cire tsohon facin nan, ka goge wurin da garanda har ƙarfe ya yi fari, tahi huɗu kowane gefe. Tsaga tana da wutsiya wadda ido ba ya gani. Ka shafa kananzir ka goge, ka barbaɗa garin alli, ka ɗan jira. Inda kananzir ya ɓoye cikin tsagar zai jiƙa allin, sai ka ga iyakarta. Daidai ƙarshen ka huda ɗan rami da diril, kamar mili 4 ko 5. Ramin ga shi ke tsai da ita. In ba ka yi shi ba ta ci gaba da tahiya ƙarƙashin waldarka kana barci.

Sai ka fafe tsagar da bakin garanda ta yi kamar kwari, don walda ta shiga har ciki ba bisa kawai ta kwanta ba. Ka yi waldar guntu-guntu, kana bari tana shan iska. Ka goge ta ta yi daidai da jiki, kana ka ɗora faci.

Facin kada ka yanke shi murabba'i. Ka yi shi kamar kifi, tsakiya da faɗi, baki biyu sun tsuke, kusurwoyi a zagaye. Ga jikin shasi za ka ɗora shi, wato gefen da ke tsaye. Kada ka ja layin walda daga sama zuwa ƙasa miƙe, kada kuma ka ratsa leɓen sama ko na ƙasa da waldar faci. Nan ne ƙarfin shike.

Abdul Fanal Bita: Baba ka manta ba ka ce ya cire batir ba 😂 Ni abin da ya same ni kenan ina yaron shago. Maigidana ya aike ni in liƙa salansa, na maƙala as, wato wayar injin walda da ake kamawa jikin ƙarfe, can ga bamba na gaba, ni kuma ina walda baya. Da anka tada mota fitilar caji ta ƙi mutuwa, alternato ta tahi. Wata biyu ana cire kuɗin cikin ɗan abin da ake ba ni. Malam Bello ka cire kan batir duka biyu, as ɗinka kuma ka maƙala shi kusa da wurin aiki, bisa ƙarfen da ka goge. Taka tsohuwa ce ba ta da birenbos, amma masu sababbi su kiyaye.

Injiniya Murtala: Kuma in as yana nesa, wutar tana iya bi ta cikin boris ta ƙona shi kaɗan-kaɗan, sai bayan wata uku ka ji ƙugi ka rasa dalili. Tankin mai ma a sauke shi gaba ɗaya a kai shi nesa. Kada a ce ai dizal ne. Bututun birki da na mai da wayoyi suna bin jikin shasin, a kwance su a janye.

Maman Khalifa: Sannunku da ƙoƙari masana. Ni ba walda na sani ba, albasa na sani, shekara 12 ina saye Achida da Wurno ina turawa Kudu. Malam Bello tambaya ɗaya: buhu nawa kake son ɗora mata?

Bello Mabera: Hajiya yanzu tana cin 12 in an yi tsari. In na ƙara tsawo ina sa ran 18.

Maman Khalifa: Babban buhu mai hula, in ka ɗora bisa sikeli ya kai kilo 100, wani ya wuce. 18 kenan kusan tan biyu. Ita kuma motar nan abin da na sani tan ɗaya ake ce mata. Malam Bello, wanda ya sai maka ita ma ina jin haka ya riƙa yi mata har ta tsage. Kuma cikin gida za ka yi wanga aiki, ina yara? Ina kara da itacen girki? Ga zafin nan da ake, tartsatsi ɗaya ya isa.

Ɗan Illela: Haba Hajiya, wa ke bin abin da Bature ya rubuta? Ki zo Illela ranar Lahadi ki ga abin da Hilux ke ɗauka zuwa Ƙwanni. Ko motar ba ki gani sai kaya na tahiya.

Maman Khalifa: Na gani. Na kuma ga wadda ta kasu biyu da albasata ciki, bakin hanyar Goronyo, rana tsaka. Buhu 20 sunka kwana biyu cikin rana kafin a samu wata. Rabi ruɓewa ya yi. Direban har yau in ya hange ni sai ya canza hanya.

Injiniya Murtala: Bari in yi magana kan ƙarin tsawon, don nan ne babbar matsalar. Hanya biyu ce. Ko ka ƙara daga bayan tayar baya, ko ka yanke tsakiya ka matsar da aksil.

In bayan taya ka ƙara, duk buhun da ka ɗora can yana aiki kamar yaro ya zauna ƙarshen katako: yana danna baya, yana ɗaga gaba. Sitiyari ya yi sauƙi a hannu, birkin gaba ya rage kamu, kuma inda shasin zai fi shan wahala shi ne daidai wurin da yanzu ya tsage.

In tsakiya ka yanke, to ba shasi kaɗai ka taɓa ba. Furofela sai an ƙara mata tsawo, kuma sai an daidaita ta a inji, in ba haka ba da ka kai gudun 60 motar ta kama karkarwa har ta cinye kuros da boris ɗin giya. Bututun birki, wayar hambirki, wayoyin fitila, salansa, duk sai an ƙara. Kuma mota mai dogon ciki ita ce ke zama a kan tudun rairayi, ƙafafu suna juyawa a banza. Ka ga abu na biyu da kake so yana faɗa da na uku.

Ana yi, ban ce ba a yi ba. Amma ba a yanke shi miƙe kamar rake. Ana yanka a karkace ko a yi matakala, a sa wani ƙarfe a ciki, a yi faci a waje, motar kuma tana kan turaku a daɓe mai daidaito, an auna kusurwa zuwa kusurwa. In ƙafa ɗaya ta fi ɗaya da mili kaɗan, motar za ta riƙa tafiya a kaikaice kamar kare, tana cin taya.

Baba Sani Mai Walda: Injiniya ka gama magana. Ni na ƙara wa mota tsawo ya fi sau goma, amma ban taɓa yi ni kaɗai ba, ban kuma yi bisa ƙasar tsakar gida ba. Bello, tsakar gidanka siminti ta ko rairayi?

Bello Mabera: Rairayi ne Baba. Amma gaban gareji akwai ɗan daɓe.

Baba Sani Mai Walda: Ɗan daɓen ya isa gyaran tsaga. Bai isa yanka ba.

Usman Arkilla: Ni dai ban yarda da wanga tsoratarwa ba. Duk motocin da ke shiga Tangaza da Gudu akwai wadda ba a taɓa ba? Masu walda na bakin hanya sunka yi su, da injin da anka naɗa da hannu cikin akwatin katako, kuma suna nan suna aiki. In mun ce sai an samu daɓe da ma'auni, talaka ba ya hawa mota. Mutum ya sai abinsa da kuɗinsa, ku bar shi ya gwada mana.

Injiniya Murtala: Malam Usman waɗanda suka rayu kake gani. Sauran suna wurin 'yan gwangwan an sayar da su a kilo.

Usman Arkilla: Ku 'yan boko kullum haka. Kai ka taɓa riƙa sandar walda?

Injiniya Murtala: Na riƙa, tun ina foliteknik, kuma Baba Sani ya fi ni nesa ba kusa ba. Shi ma ai abin da ya ce kenan.

Admin: Jama'a a yi haƙuri da juna, a tsaya kan mota.

Bello Mabera: To batun sanda fa? Wadda nike da ita geji 12 ce, irin ta ƙofa.

Injiniya Murtala: Duba jikinta kusa da gindi, za ka ga 6013. Tana da daɗin aiki, waldarta tana fita da kyau, amma ba ta shiga ciki sosai. Ga shasi na fi son 7018. Lambobi biyun farko ƙarfin ja suke nufi, 60 da 70, kuma 7018 ta fi jure girgiza. Sai dai tana da sharaɗi. Ba ta son danshi ko kaɗan, don haka ka sayi ƙaramin kwali a rufe, ka buɗe ranar aiki. Tana da wuyar tayarwa, tana son a riƙe ta kusa-kusa. Mai mili 2.5 za ka sa wuta wajen amfiya 80 zuwa 95, ka gwada a guntun ƙarfe mai kaurin shasin tukuna. Janaretanka nawa ne?

Bello Mabera: 2.5 ne.

Injiniya Murtala: Zai riƙa nishi yana sakin wuta, sanda tana maƙalewa. Ka ari mai 5 ko sama.

Baba Sani Mai Walda: Nan kam ni da Injiniya mun rabu kaɗan. 7018 ta fi, ban musa ba. Amma hannun da bai saba da ita ba, ga walda a tsaye jikin shasi, kashin kaza za shi tara. Gara 6013 mai kyau da 7018 mai ramuka. Bello ka yi haka: ka samu guntaye biyu mili 4, ka kafa su tsaye, ka haɗa su daga ƙasa zuwa sama. Ka sa ga bais ka buga da guduma har ya lanƙwashe. In ƙarfe ya lanƙwashe walda ba ta buɗe ba, hannunka ya isa. In ta ɓalle ka kira ni in zo, kuɗin mashin kawai za ka ba ni da shayi.

Kuma da safe za ka yi, bayan asuba. Ɗan injin nan naka in rana ta take shina yanke wuta da kansa. Ka sa gilashin fuska na gaske, ba tabarau na kasuwa ba. Wanda walda ta taɓa shiga idonsa ya san daren da ake ji kamar an zuba rairayi.

Ɗan Illela: To tun da an kashe ni kan sifirin, ku bari in yi magana inda na fi ku. Batun ɗagawa. Malam Bello, duk yadda ka ɗaga bodi da dogayen shakul, ƙwaryar aksil, wato tumbin nan da ke tsakiyar aksil, tana nan inda take, ita ce kuma ke shara ƙasa. Taya kaɗai ke ɗaga ta. Abin da za ka samu shi ne mota mai layi, ga albasa tsibi bisa, da ka sha kwana ta kwanta da kai.

Rairayi ba tsawo yake so ba, iska yake so a rage. Da ka sauka kwalta ka sassauta tayoyi su komo wajen 18 ko 20 bisa ma'aunin iska, ka kulle hob na gaba tun kafin ka shiga, ka sa giya ta biyu ka riƙe wuta, kada ka tsaya tsakiya. In ka fito ka ƙara iska, kada ka yi gudu bisa kwalta da su haka da kaya, za su yi zafi. Ka sayi famfon da ake haɗawa ga batir, ya fi maka duk wata ɗagawa.

Baba Sani Mai Walda: Awo, nan ka yi gaskiya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abdul Fanal Bita: Abu ɗaya da ba wanda ya ambata. Lambar shasi tana buge jikin ƙarfen. Ka nemo inda take kafin garanda ta taɓa ko'ina, kada faci ko fenti mai kauri ya rufe ta. In 'yan VIO ko kwastan sunka ga alamar walda kusa da lamba, bayani zai yi tsawo ko takardunka na da kyau.

Bello Mabera: Salam jama'a, bayan kwana tara ga yadda anka ƙare. Na yi gwajin da Baba ya ce. Na farko da 7018 guduma ukku ya ɓalle, cikinsa duk ramuka kamar gidan rina. Na huɗu ne ya riƙe. Duk da haka na kira Baba, ya zo ranar Asabar da yaronsa.

Da munka sauke tanki munka yi dabarar kananzir da alli, tsagar da nike cewa tsawon yatsa ashe ta kusa kai leɓen ƙasa. Baba ya ce a duba ɗaya gefen. Nan ma akwai, siririya kamar gashi, ƙarƙashin laka. Wani abin mamaki, da munka ƙwanƙwasa shasin sai ga busasshiyar laka da wani farin gari suna zubowa daga ciki, ya kusa cika kwano. Baba ya shinshina ya ce takin zamani ne, shi ya ci ƙarfen daga ciki. Ashe ba kaya kaɗai ba ne.

Baba ya yi gefen direba, ni na yi ɗayan yana tsaye kaina yana cewa "sassauta, kada ka gudu". Mun auna kusurwa zuwa kusurwa kafin da bayan aiki, bai goce ba. Ƙarin tsawo na fasa. Kuɗin na sa ga sababbin bushin da shok da famfon iska. Hajiya, buhu 10 zan riƙa ɗorawa, in yi sawu biyu.

Maman Khalifa: Allah ya sa albarka. In ka fara cira ka tuna da ni, kada ka kai Achida ban gani ba.

Usman Arkilla: Da ni ne da na yanke ta.

Baba Sani Mai Walda: Bello, kada ka shafe wurin da baƙin kwalta kamar yadda kac ce. Ka sa jan fenti na tsatsa, ka bi da fari. In wata tsaga za ta fito za ka ga jan layi bisa farin. Bayan sawu biyar ka shiga ƙarƙashi da tocila ka duba bakin facin duka biyu. Kuma duk ranar da ka ɗauko taki ka wanke ta, ka sa tiyo cikin ramukan shasi har ruwa ya fito fari.

Ɗan Illela: Baba ni ma gefen facina ya fara jan layi. Ranar Litinin kana shago?

Baba Sani Mai Walda: Ina nan. Ka zo da falanti mili 4, sifirin ɗin nan cire shi za mu yi.